Ƙahon saniya a gonar inabi: wanne ne ilimi, wanne ne camfi?

Wani ɗalibin aikin gona, wanda mahaifinsa ke noman inabin ci a Kudan ta Jihar Kaduna, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na kalli wani shiri a kan wata gonar inabi a Faransa inda ake yin giya. Suna cusa kashin shanu a ƙaho su binne, suna duba wata kafin su taɓa shuka, sannan suna alfaharin cewa ba sa ƙara wa ruwan inabinsu komai, barinsa suke yi ya yi abin da ya ga dama. Wannan ilimi ne ko tsafi? Kuma akwai abin da manomi irin babana zai ɗauka?"

Ɗana, bari in fara kawar da ƙaya ɗaya daga kan hanya. Giya haramun ce a gare ni da kai, ban taɓa kai ta baki ba, saboda haka duk wata maganar ɗanɗano da za ka ji a nan ta masu sha ce nake ɗauko maka. Fannina ƙasa ne da shuka da ƙananan halittun da ke ruɓar da abu, kuma a wannan fagen manoman inabin giya sun cancanci a saurare su. Dalili kuwa kuɗi ne. Kwalba ɗaya daga wasu gonakin ta fi kuɗin buhun masara nesa ba kusa ba, don haka da wuya ka sami shukar da aka zuba wa ido a Turai, aka auna ƙasarta taku-taku, aka rubuta tarihin kowace kakarta, kamar inabi. Mai noman inabin ci yana iya cin moriyar wannan ilimi ba tare da ya kusanci gangar giya ba.

Tsarin da ka gani sunansa bayodainamik. Ya samo asali ne daga laccoci takwas da wani masanin falsafa ɗan Ostiriya mai suna Rudolf Steiner ya gabatar a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wani ƙauye kusa da birnin Breslau, wanda yau yake cikin ƙasar Folan. Manoman da suka gayyace shi kuka suke yi cewa tun da takin zamani ya shigo ƙasa ta fara gajiya, iri ya yi rauni, dabbobi kuma sai ciwo. Steiner ba manomi ba ne, kuma bai cika shekara bayan laccocin ba ya rasu, a watan Maris na 1925. Almajiransa ne suka ɗauki abin, suka fitar da tambarin Demeter a 1928, wanda har gobe shi ne babban mai ba da shaidar cewa gona tana bin tsarin. Wani abin dariya, shi kansa Steiner ya gargaɗi mabiyansa a kan barasa, sai ga shi yau masu giyar inabi ne suka fi kowa yayata sunansa.

Magana biyu ya haɗa a tukunya ɗaya. Ta farko, gona jiki guda ce mai rai: ta kiwata dabbobinta, ta noma abincinsu, kashinsu ya koma ƙasa, abin da ake sayowa daga waje ya zama kaɗan. Ta biyu, wai akwai wani ƙarfi da ke saukowa daga wata da taurari, wanda ake iya tarawa a ƙaho da wasu tsirrai a miƙa wa ƙasa. Duk rigimar da ake yi a kan tsarin daga wannan gamin gambizar ta taso. Masu yabo suna nuna amfanin ta farko su ce ta biyu ce ta jawo shi, masu suka kuma suna yi wa ta biyu dariya su watsar da ta farko tare da ita.

Gonar da ta fi shahara da wannan ita ce Coulée de Serrant, a Savennières, gefen kogin Loire, kusa da birnin Angers. Ko ita ka kalla ko wata, labarinta ya ishe mu misali. Hekta bakwai ce kacal, a kan gangare mai tsauri, ƙasarta cike da dutse mai falle-falle. 'Yan zuhudun Kirista ne suka fara dasa ta a 1130. Irin inabi ɗaya ne a cikinta, fari, ana ce masa Chenin. Mai gonar, Nicolas Joly, ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Columbia, ya yi aikin banki a New York da Landan, sannan ya dawo gonar iyayensa a 1977. Da farko ya bi shawarar zamanin, ya fesa maganin ciyawa. Kamar yadda ya sha bayar da labari, ba a jima ba ya ga launin ƙasar ya sauya, ƙwari masu amfani da tsuntsaye sun ƙaurace. Ya ci karo da littafin Steiner, ya fara gwaji a 1980, zuwa 1984 gonar gaba ɗaya ta koma kan tsarin. Yau 'yarsa Virginie ce ke riƙe da aikin yau da kullum.

Ajiye ƙahon gefe tukuna, ka dubi sauran abin da ake yi a gonar. Babu maganin ciyawa, babu takin zamani. Suna da garken shanu nasu domin taki, tumaki suna kiwo tsakanin layuka a lokacin sanyi, inda gangaren ya yi tsauri kuma doki ke jan garma. Amfanin da suke ɗauka kaɗan ne da gangan, wajen lita 2,000 zuwa 2,500 na giya a hekta, alhali gonakin da ke neman yawa suna ninka wannan sau biyu ko uku. Girbi ma ba na rana ɗaya ba ne. Masu tsinka suna komawa layi ɗaya sau da dama cikin makonni, kowane zuwa su yanki nonnan inabin da suka nuna kawai. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne ginshiƙin abin da zan faɗa idan mun shiga ɗakin ganguna, wato inda ake mayar da ruwan inabi giya.

Yanzu ƙahon. Haɗe-haɗen tsarin guda tara ne, an ba su lamba daga 500 zuwa 508. Na 500 shi ne ka gani: a cusa kashin saniya a ƙahonta, a binne idan sanyi ya kusa, a tono idan ya wuce. Abin da ke fitowa baƙi ne mai laushi, ba wari, sai ƙamshin ƙasa. A ɗebi wajen giram 100 domin hekta ɗaya, a zuba a ruwa, a yi ta damawa tsawon awa guda, a juya dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, a katse shi a juya hagu, sannan a yayyafa wa ƙasa da yamma. Na 501 garin wani farin dutse ne mai ƙyalli, shi kuma a lokacin zafi ake binne shi a ƙaho, a fesa 'yan giram kaɗan a kan ganye da sassafe. Shida daga cikin sauran, furanni ne da ganye da ɓawon itace, ana cusa wasu a hanjin saniya, ko mafitsarar barewa, ko ƙoƙon kan dabba, a sa kaɗan-kaɗan a tsibin taki. Na ƙarshe dafaffen ruwan wata ciyawa ne da ake fesawa domin fumfuna.

Kai ɗalibi ne, yi lissafin da kanka. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Giram 100 a kanta na nufin kowace mita ta sami kashi ɗaya cikin ɗari na giram. A matsayin abincin shuka wannan ba komai ba ne, kuma masu tsarin ma ba su ce taki ba ne. Wasu daga cikinsu sukan ce ai ƙwayoyin halitta ake shuka wa ƙasa, kamar yadda ake sa ɗan tsohon nono a sabuwar madara. Hujjar ta fi ta taurari kama hankali, amma cokali ɗaya na lafiyayyar ƙasa yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin irin waɗannan halittu tun kafin a yayyafa masa komai.

To me gwaji ya nuna? Mafi daɗewa shi ne na Therwil a Suwizalan, wanda aka fara a 1978, ana kwatanta bayodainamik da noman oganik, wato wanda ba a sa sinadaran masana'anta, da kuma noman zamani, a kan alkama da dankali da ciyawar dabbobi. Sakamakon shekara 21 ya fito a mujallar Science a 2002. Filayen da ba a sa wa sinadarai ba sun ba da amfani ƙasa da na zamani da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma taki da makamashin da suka ci ya ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin feshi kuma da kashi 97. Ƙasarsu ta fi yawan tana da sauran halittu, ta fi riƙe jikinta idan ruwa ya doke ta. A wasu ma'aunan filayen bayodainamik ne a gaba. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: su takin da aka ba su an tsibe shi ya ruɓe sarai, na filayen oganik kuwa bai kai haka ruɓewa ba. Abu biyu ne suka bambanta a lokaci guda, don haka ba za ka iya cewa ƙahon ne ya yi aikin ba.

A kan inabi kai tsaye, wani gwaji a Kalifoniya da aka wallafa a 2005 ya raba gona ɗaya, ana yi wa kowane ɓangare noma iri ɗaya, sai dai wani ana ba shi haɗe-haɗen wani ba a ba shi. Ba a ga bambanci a ingancin ƙasa ba, a jikin inabin kuma bambancin ɗan kaɗan ne. A Geisenheim ta Jamus tun 2006 ake irin wannan kwatance, kuma babban ratan da ke fitowa yana tsakanin noman zamani ne da sauran biyun: kuringar da ba ta samun takin zamani ba ta yin tofo da yawa, amfaninta ma ya fi ƙanƙanta. Tsakanin oganik da bayodainamik ratan ƙarami ne.

Ga hukuncina, kuma na san akwai manoman kirki da ba za su yarda da ni ba. Gonakin nan da yawa suna da kyau ƙwarai, ƙasarsu tana da rai, ka sa hannu ka ji ta kamar soso. Na taɓa tona irinta a wata gona a Faransa lokacin da nake karatu, a tsallaken hanya kuma ga ta maƙwabci da maganin ciyawa ya bari fayau kamar daɓe. Amma abin da ya kawo wannan shi ne ruɓaɓɓen taki, da ciyawar da aka bari ta rufe ƙasa, da rage nauyin tarakta, da kuma wani abu da ba ya shiga ma'auni cikin sauƙi: mutumin da zai tsaya awa guda yana dama ruwa, ya bi layi-layi yana yayyafi da hannu, ya tashi da asuba domin feshin ganye, wannan mutumin yana ganin kowace kuringa tasa sau da yawa fiye da wanda ke wucewa a kan inji. Tabon farko na cuta shi zai fara gani. Ƙahon yana tilasta wa mai gona shiga gonarsa, kuma wannan kaɗai ba ƙaramin amfani ba ne.

Akwai wurin da shirye-shiryen talabijin ba sa son tsayawa, shi ne fumfuna. Inabin Turai ba shi da garkuwa daga wasu cututtuka da suka tsallako daga Amurka a ƙarni na 19. Farar fumfuna mai kama da gari ta iso a shekarun 1840. Ƙwaron saiwa da ake kira filoksera ya biyo a shekarun 1860 ya kusa share gonakin Faransa, har sai da aka koma yi wa inabin Turai aure a kan saiwar na Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. A 1878 kuma fumfunar da ke bin ruwan sama ta bayyana, ita ce mafi muni a shekarar da damuna ta yi yawa. Maganinta da masanin tsirrai Millardet ya fitar a 1885, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, har yau shi manoman oganik da na bayodainamik suke fesawa, tare da farar wuta domin farar fumfunar. Saboda haka duk wanda ya ce maka waɗannan gonaki ba sa feshi, bai faɗa maka daidai ba. Suna yi, wani lokaci ma sun fi maƙwabtansu yawan zagaye, domin jan ƙarfe a saman ganye yake zama, ba ya shiga jikin shuka, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya wanke shi sai a sake.

Jan ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a ƙasa shekara bayan shekara, idan ya yi yawa ya kashe tanar da ake taƙama da ita. Shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo huɗu a shekara idan an raba, Demeter kuma ta sauko zuwa uku. Da wannan ɗan kason ake fuskantar shekarar ruwa, kuma ba kullum ake yin nasara ba. Gonar Leroy a yankin Burgundi na Faransa ta yi babbar asara a 1993. Pontet-Canet, wata babbar gona a yankin Bordo na Faransa, ta fara bin tsarin, sai fumfuna ta taso mata a 2007, mai gonar ya ga amfanin shekara zai salwanta ya ba da umarnin fesa maganin zamani. Wannan ya mayar da ƙirgen shekarun samun shaida baya, sai 2010 suka same ta. A 2018 cutar ta dawo, suka daure ba su fesa ba, suka rasa kusan kashi biyu cikin uku na amfanin. Gonar da ke sayar da kwalba da tsada tana iya shanye irin wannan bugu. Tambayi kanka ko babanka zai iya.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A 2014 an gurfanar da wani manomin bayodainamik na Burgundi, Emmanuel Giboulot, saboda ya ƙi bin umarnin hukuma na fesa maganin wani ƙwaro da ke yaɗa cuta daga gona zuwa gona. An ci shi tara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar. Ƙwaro dai bai san iyakar gona ba.

Mu shiga ɗakin ganguna, inda ake cewa ba a sa hannu. Abin da ke faruwa a can kimiyyarsa a fili take tun bayan binciken Louis Pasteur a tsakiyar ƙarni na 19. Ruwan nunannen inabi yana ɗauke da sukari wajen giram 200 zuwa 240 a lita. Yis, dangin wanda ke tayar da burodi, yana cin sukarin ya fitar da barasa da iska, kimanin giram 17 na sukari a lita na ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. A babbar masana'anta ba a barin wannan ga sa'a. Ana sayo yis na leda wanda aka san halinsa, a ƙara sukari idan inabin bai nuna ba, a ƙara tsami idan ya nuna da yawa, a daidaita zafi da na'ura, a zuba gutsattsarin katako domin ƙamshi, a kwantar da laka da farin ƙwai ko wani irin yumɓu, a tace, a sa sinadarin farar wuta domin kashe ƙwayoyin da ba a so da kuma hana iska ɓata shi. Duk wannan doka ta yarda da shi, kuma sai a Disambar 2023 aka wajabta bayyana kayan haɗin giyar inabi ga mai saye a Tarayyar Turai.

Masu rage sa hannu suna ajiye mafi yawan waɗannan. Yis ɗin da ke jikin inabin da bangon ɗakin shi ake bari ya yi aiki. Ba a ƙara sukari ko tsami, gangunan tsofaffi ne don kada katako ya rufe ɗanɗano, tacewa kaɗan ce ko babu. Wannan bai kamata ya zama baƙo a gare ka ba. Mai yin daddawa ba ta sayen ƙwayar komai a kanti, tana dafa kalwa ta rufe ta bar ta kwanaki, halittun da ke wurin su yi aikinsu. Kindirmon Bafulatana daga ƙwaryarta da ragowar na jiya yake samun abin da ke kama shi, yogot ɗin kamfani kuwa daga leda. Na kamfani kullum ɗanɗanonsa ɗaya, na ƙwarya kuwa kowace ruga da nata, wata rana ya fi na kamfani daɗi nesa, wata rana ya lalace. Cinikin ke nan da masu wannan giya suka yi da idonsu a buɗe. Sun ce ɗanɗanon wuri da na shekara suke so ya fito, ko da zai zo da haɗari.

Asalin wannan tunani a ɗakin ganguna ba na Steiner ba ne, abin da mutane da yawa ke rikitawa. Wani mai sayar da giya kuma masanin sinadarai a yankin Beaujolais na Faransa, Jules Chauvet, wanda ya rasu a 1989, shi ya yi nazarin yis na gida da yin giya ba tare da farar wuta ba. Wani mai yin giya, Marcel Lapierre, da wasu abokansa a Morgon da ke wannan yankin suka ɗauki koyarwarsa a shekarun 1980. Hanyoyin biyu sun haɗu daga baya domin mutane iri ɗaya suke jawowa, amma gona tana iya zama bayodainamik ɗakin gangunanta ya kasance na zamani gwargwado, wata kuma ba ta taɓa binne ƙaho ba amma ba ta ƙara komai.

Farar wuta ita ce abin da suka fi jayayya a kai. Dokar Turai ta yarda da miligiram 150 a lita ga jar giya marar zaƙi, 200 ga fara. Ga oganik 100 da 150. Demeter a Faransa ta sauko zuwa 70 da 90. Wani tambari da aka amince da shi a Faransa a 2020, Vin Méthode Nature, iyakarsa 30, kuma yana da rukunin waɗanda ba sa sawa sam. Joly yana sa kaɗan. Dalilin da ya sa mafi yawansu ba su iya rabuwa da ita gaba ɗaya shi ne, ruwan inabi ba giya yake son tsayawa a kai ba. Idan iska ta samu shiga, wasu ƙwayoyin suna cin barasar su mayar da ita ruwan khal, wasu kuma su sa masa warin garke ko na ɓera. Ko a kan giyar Coulée de Serrant masu ɗanɗanawa sun kasu: wasu suna sa ta cikin mafi girman farar giya a Faransa, wasu suna cewa a wasu shekarun launinta da ƙamshinta na abin da iska ta taɓa ne. Shi kuwa yana cewa nunar inabin ce, a buɗe kwalbar a bar ta ta sha iska kafin a yanke hukunci.

Ka tuna masu tsinkar da ke komawa layi ɗaya sau da dama? Nan amfaninsu yake. Duk kayan gyaran da babbar masana'anta ke amfani da su, na rufe aibin inabi ne: wanda bai nuna ba, wanda ya ruɓe, wanda ya fashe a hanya. Wanda ya ce ba zai gyara ba, dole inabin da zai shigo masa ya zama ba aibi, ganguna da bututu su zama tas, ya riƙa ɗanɗanawa da aunawa kullum, ya cika gangar da ta ragu don kada iska ta sami wuri. Aikin bai ragu ba, an ɗauke shi ne daga ɗakin ganguna an mayar da shi gona, daga sinadari zuwa hannun ɗan Adam, kuma hannu ya fi tsada. Mai ƙiwuya da ya ji ana cewa ba a sa hannu ya kwaikwaya, khal zai samu.

Batun wata da taurari ba zan daɗe a kai ba. Kalandar da suke bi wata Bajamushiya ce, Maria Thun, ta tsara ta, ta raba kwanaki huɗu, na saiwa da na ganye da na fure da na 'ya'ya, gwargwadon rukunin taurarin da wata yake ciki. Gwaje-gwajen da aka yi da kyau ba su tabbatar da ita ba, kuma manoman kansu idan hadari ya haɗo ga inabi ya nuna, girbi suke yi ko kalanda ta ce me. Kakanninmu ma suna duban kaza da 'ya'yanta su san inda shekara take, amma alamar lokaci suke karantawa. Cewa tauraro shi ke zuba wa shuka ƙarfi wata magana ce daban, kuma ka san hadisin da ya yi gargaɗi a kan mai cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Hukuncin wannan na malaman addini ne, ka kai musu. Ni ta fuskar noma nake ce maka ba ka da asarar komai idan ka bar shi.

Abin da babanka zai ɗauka kuwa, yawancinsa ba sai ya je Faransa ba. Gona mai ciyar da kanta da Steiner ya yi wa manoman Jamus wa'azi a kai, ita ce wadda makiyayi ke kwana da shanunsa a cikinta bayan kaka a ba shi dawa, ita ce ta karkarar Kano da jakuna ke kai wa takin birni a mangala, ita ce mai gawo a tsakiya yana zubar da ganye da damuna. Abin da za a ƙara shi ne tsari. Ya tsibe takin dabbobi da ragowar ciyawa a inuwa, ya riƙa jiƙawa yana juyawa har ya ruɓe sarai kafin ya kai gindin inabi, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa ya kawo irin ciyawa. Ya daina barin ƙasa tsirara tsakanin layuka, ya rufe ta da kara ko ya shuka wake mai yaɗo inda ruwa ya isa, ya riƙa yanke shi kafin ya yi gasa da kuringa. Ya rage yuriya, domin tofo mai yawa da laushi shi fumfuna ta fi so. Ya rage ganye a kusa da nonna don iska ta ratsa raɓa ta bushe da wuri. Ya rage yawan nonnan da yake bar wa kowace kuringa, waɗanda suka rage za su fi girma da zaƙi, mai saye a kasuwa kuma ido yake fara ci.

Abin da ba zan ba shi shawara ba shi ne ya ajiye maganin fumfuna rana ɗaya. Zafi da laimar damunarmu sun fi na Loire, kuma shi ba shi da kwalba mai tsada da za ta rufe masa asarar shekara. Idan zai yi amfani da jan ƙarfe, ya auna, ya rubuta nawa ya sa a shekara, ya fesa kafin ruwa ya sauka domin rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Kowane magani kuma ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka, tun da nasa inabin da ɓawonsa yara ke ci.

Idan ƙahon bai bar ranka ba, kai ne mai karatu, gwada shi yadda ake gwaji. Ware layuka goma sha biyu masu iri ɗaya da shekaru ɗaya. Ka ba su duka ruɓaɓɓen taki daidai wa daida, ban ruwa ɗaya, aski ɗaya. Ka jefa ƙuri'a ka fitar da shida da za a yayyafa wa ruwan ƙaho, sauran shidan a yayyafa musu zallan ruwa a rana ɗaya, don kada wasu su fi wasu samun ziyara. Wanda zai auna nauyin nonna da zaƙinsu da yawan tabon ganye kada ya san wane layi ne wanne. Ka maimaita kaka uku, domin inabi ba ya nuna halinsa a shekara ɗaya, sannan ka kai wa malaminka na sashen ƙasa alƙaluman ku duba tare.